Wane katin girafik ya isa aikin lissafin gayya? Tambayoyi da amsoshi don mutanen Zariya

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin ɗalibai da masu gyaran kwamfuta a Samaru, Kongo da Sabon Gari, duk sanda aka taɓo zancen ba masu binciken kimiyya aron ƙarfin kwamfuta. Mafi yawan shawarwarin da ke intanet, waɗanda suka rubuta su ba a ɗauke musu wuta, kuma ƙasashensu masu sanyi ne. Amsoshin da ke nan an auna su ne da wutarmu da zafinmu da ƙurarmu.

Mene ne shi wannan lissafin gayya ɗin?

Kamar dai gayyar noma ne. Mai gona ba zai iya nome ta shi kaɗai ba, sai ya gayyato jama'a, kowa ya kama kunyarsa. Masu bincike suna da lissafin da ya fi ƙarfin injinansu, sai su yayyanka shi ƙanana-ƙanana, su tura wa kwamfutocin 'yan sa-kai ta intanet. Kwamfutarka ta karɓi nata kason, ta yi, ta mayar da amsa, ta karɓi wani.

Manyan hanyoyin shiga biyu ne. Akwai BOINC, manhajar da David Anderson ya jagoranci ƙirƙirarta a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley tun 2002. Ita dandali ce, ayyuka da yawa suna hawa kanta. Akwai kuma Folding@home, wadda Vijay Pande ya fara a Jami'ar Stanford a 2000 don nazarin yadda furotin ke naɗewa, abin da ya shafi cututtuka irin su kansa da cutar mantuwa ta tsufa. A 2020, lokacin korona, mutane suka yi ta tururuwar shiga har ƙarfin Folding@home ya haura na kowace babbar kwamfuta guda da ake da ita a duniya a lokacin.

Me ya sa sai katin girafik? Furosesa ba ta isa ba?

Ta isa ga wasu ayyukan. Furosesa tana da ƙwayoyin aiki kaɗan, huɗu ko shida ko takwas, amma kowace tana iya aiki mai sarƙaƙiya. Katin girafik, wato sashen da ke fitar da hoto a allon kwamfuta, yana da ɗaruruwa ko dubban ƙananan ƙwayoyi masu yin lissafi iri ɗaya a lokaci guda: GTX 1650 yana da 896, RTX 3060 yana da 3,584, RTX 4090 kuwa 16,384. Idan aikin na maimaita lissafi ɗaya ne a kan miliyoyin lambobi, kamar lissafin yadda ƙwayoyin zarra ke jan juna a cikin furotin, kati zai gama cikin sa'o'i abin da furosesa za ta kwana tana yi.

Amma ba kowane aiki ke da manhajar kati ba. Climateprediction.net, aikin hasashen yanayi na Jami'ar Oxford, da furosesa yake aiki. Haka ma aikin hasashen ruwan sama na Afirka da World Community Grid, wani shirin lissafin gayya, ta ƙaddamar a 2019 tare da Jami'ar Delft ta ƙasar Holan. Idan irin waɗannan ne suka kwanta maka a rai, ajiye kuɗinka, ba ka bukatar kati.

To wane kati ne ya fi?

Wannan ce tambayar da kowa ke farawa da ita, kuma ni a ganina ita ya kamata ta zo ta uku. Ta farko: wane aiki kake son taimakawa? Ta biyu: wuta nawa za ka iya ba kwamfutar, sa'a nawa a rana, ba tare da ta hana iyalinka fanka da firji ba? Idan ka amsa waɗannan, sunan katin zai fito da kansa.

Dalili shi ne kowane kason aiki yana zuwa da wa'adi. Idan wa'adin ya wuce ba ka mayar da amsa ba, sai a tura wa wani, wutar da ka ƙona ta tafi a banza, kuma mai binciken ya yi jiran da bai kamata ba. Katin naira miliyan biyu da ke kunne sa'a uku yau, gobe babu, jibi sa'a biyar, bai kai amfanin matsakaicin kati da ke samun sa'a bakwai kullum ba fashi ba. A Zariya, kati mai ƙarfi shi ne wanda wutarka za ta iya ɗauka har ya kai aikinsa gida.

Wane aiki ne ya dace da wane kati?

Folding@home yana aiki da katunan NVIDIA da na AMD, amma an fi samun sakamako da NVIDIA tun da aka ƙara masa CUDA, hanyar lissafi ta katunan NVIDIA, a 2020. Wa'adinsa gajere ne, daga kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki, kuma makin da yake ba 'yan sa-kai yana fifita wanda ya mayar da wuri. Wannan aikin na mai tsayayyar wuta ne.

Einstein@Home, ɗaya daga cikin ayyukan da ke kan BOINC, wanda Bruce Allen ya jagoranta tun 2005, yana tace bayanan na'urorin hangen sama don gano taurarin nan masu juyawa da tsananin sauri suna aiko da sigina a kai a kai, da kuma girgizar sararin samaniya da na'urorin LIGO ke saurare. A 2010 kwamfutocin 'yan sa-kai a Amurka da Jamus suka gano tauraronsa na farko, kuma daga baya har da bayanan na'urar hangen sama ta MeerKAT da ke Afirka ta Kudu ya yi aiki. Yana karɓar NVIDIA da AMD, wa'adinsa kuma yakan kai mako ɗaya zuwa biyu. Ga mai wutar da ke zuwa tana tafiya, wannan ya fi sauƙin sha'ani.

PrimeGrid, shi ma a kan BOINC, yana neman manyan lambobin da ba sa rabuwa sai da kansu da 1. Yana ba ka zaɓin girman aiki, kuma ƙananan ayyukansa na Genefer mintoci kawai suke ɗauka a matsakaicin kati. Ko an ɗauke wuta, abin da ka rasa kaɗan ne. Idan lambar da kwamfutarka ta gano ta kai girman shiga jerin manyan 5,000 na duniya, da sunanka za a rubuta ta.

GPUGRID na Jami'ar Pompeu Fabra da ke Basalona NVIDIA kaɗai yake karɓa, ayyukansa dogaye ne, fayilolinsa manya, kuma ba kullum yake da aiki ba. Ban cika ba sabon shiga shawarar farawa da shi ba.

Na ji ana maganar FP32 da FP64. Dole ne in damu da su?

Kaɗan. FP32 lissafi ne da lambobi masu tsawon bit 32, FP64 kuma masu bit 64, wanda ya fi daidaito amma ya fi nauyi. Kamfanoni suna rage ƙarfin FP64 a katunan gida da gangan: a RTX jerin 30 da 40, kashi ɗaya ne cikin 64 na ƙarfin FP32. Wasu tsofaffin katunan AMD, irin su R9 280X da Radeon VII, suna ba da kashi ɗaya cikin huɗu, shi ya sa a da masu MilkyWay@home, wani aikin nazarin taurari, suke farautarsu. Wannan sashen aikin na kati an rufe shi a 2023. Saboda haka idan ka ci karo da tsohon rubutu yana cewa ka nemi R9 280X, duba shekarar da aka rubuta shi. Mafi yawan ayyukan da suka rage da FP32 suke tafiya, kuma katin wasannin bidiyo na yau da kullum ya ishe su.

Wuta nawa abin zai ci mini a wata?

Nan ne ya kamata a zauna da biro da takarda. Ga abin da kamfanonin suka rubuta a kan wasu katunan da ake samu a kasuwarmu: GTX 1650 wat 75, RTX 4060 wat 115, GTX 1660 Super wat 125, RX 6600 wat 132, RTX 3060 wat 170, RX 580 wat 185, RTX 3080 wat 320, RTX 4090 wat 450. Lissafin gayya ba kamar wasa ba ne da kati ke hutawa tsakanin fage da fage. Zai riƙe katin kusa da wannan adadin muddin yana kunne.

Ɗauki RTX 3060. Ƙara masa kamar wat 80 na furosesa da sauran kayan ciki, ka samu wat 250. A sa'a 24 yunit 6 ke nan, a wata yunit 180. A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta kai kuɗin yunit na masu Band A naira 225, daga baya ya sauko ɗan sama da 200. Idan muka ɗauki 210, kuɗin wata ya kama naira 37,800. Wanda ke Band ɗin ƙasa zai biya ƙasa da haka a kan yunit, amma sa'o'in da aka yi masa alkawari ma sun ragu: Band A sa'a 20 ne, B 16, C 12, D 8.

Yanzu kwatanta RX 580 da RTX 4060. Na farkon ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma ya cika kasuwar 'yan gwanjo. Amma ya fi cin wuta da wat 70, wato kusan yunit 50 a wata idan ba a kashewa, alhali a takarda bai kai rabin ƙarfin FP32 na RTX 4060 ba. Abin da ka rage a shago, mita za ta karɓe shi a hankali. Don haka ma'aunin da nake bi shi ne aiki nawa kati ke yi da kowane wat, ba girman lambar da ke jikin kwalinsa ba.

Ina da sola. Zan iya barinsa dare da rana?

Da rana e, da dare a'a, sai in batiranka sun yi maka yawa. Batir mai 200Ah a bolt 12 yana riƙe yunit 2.4 a takarda, kuma idan na ruwa ne, rabin wannan kawai ya kamata ka ja idan kana son ya yi ƙarko. Kwamfuta mai wat 250 za ta cinye wannan rabin kafin sa'a biyar. Za ka wayi gari ka taimaki kimiyya da ɗan kaɗan, ka kashe batirin da ya fi katin tsada.

Amma akwai wata dama da masu sola da yawa ba su lura da ita ba. A yawancin gidaje batir yakan cika kafin azahar, daga nan kwanturola ta rage jan wuta, farantan da ke kan rufi su zauna cikin rana ba abin da suke yi har la'asar. Wannan rarar ba wanda ke biyan kuɗinta, ba kuma wanda ke amfana da ita. Ita ce ta fi dacewa da wannan aiki. BOINC tana da wurin da za ka ce mata ta yi aiki daga ƙarfe goma na safe zuwa huɗu na yamma kawai. Sa'a shida kullum, da kati mai wat 115, a aikin da wa'adinsa ya kai mako guda, gudummawa ce ta gaske, kuma ba ka taɓa kuɗin cefane ba. Da damina, ranar da hadari ya rufe gari, sai ka dakatar da ita da hannu.

Janareta kuwa, tun da aka cire tallafin fetur a 2023, ban ga hujjar ƙona mai don wannan ba. Kuɗin man ya fi amfani a hannun majinyacin da ke jiran magani a asibitin Shika.

Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki fa?

Yawancin ayyuka suna ajiye inda suka kai lokaci-lokaci, idan wuta ta dawo sai su ɗora daga nan. Amma yankewar bazata takan lalata fayil ɗin ajiyar, aikin ya koma farko ko ya faɗi gaba ɗaya. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne dawowar wutar da ƙarfi. Ka sa kwamfutar a bayan inbata ko UPS, ko da wadda za ta ba ka minti biyar ka kashe cikin natsuwa ce. Ka duba wat ɗin da UPS ke ɗauka, ba lambar VA kaɗai ba, domin ƙaramar 650VA ba ta kai wat 650 ba. Lokacin tsawa, zare waya daga bango.

Kwamfutata irin ta ofis ce, HP ko Dell ta hannu. Za ta ɗauki kati?

Buɗe murfin ka duba abu uku kafin ka je kasuwa. Na farko faɗin akwatin: sirara ba sa ɗaukar sai kati mai gajeren baki. Na biyu takardar da ke manne a jikin fawa saflai: a irin waɗannan injinan sau da yawa wat 180 zuwa 240 ne kawai, kuma wayoyinsu na kamfani ne, ba a musanya su cikin sauƙi. Na uku, ko akwai wayar kati mai fil 6 ko 8.

Ramin PCIe, inda ake soka katin, da kansa yana ba da wat 75. Waya mai fil 6 tana ƙara 75, mai fil 8 tana ƙara 150. Idan babu wayar, zaɓinka shi ne katunan da ke rayuwa da ramin kaɗai: GTX 1650 marar waya, RTX 3050 mai giga 6 wanda wat 70 yake ci, ko RTX A2000 idan aljihu ya yarda. Kada mai shago ya sayar maka da 'yar wayar nan da ke juya filogin SATA zuwa fil 8. Masu gyara sun saba ganin sakamakonta: baƙar roba ta narke ta manne da filogi, wayar ruwan ɗorawa ta koma launin ƙasa, ɗaki yana warin ƙuna. A wasan sa'a ɗaya tana iya tsira. A aikin da ba ya sassautawa, ba ta tsira.

GT 710 da GT 730 kuwa, duk da ana kiransu katin girafik, don haɗa allo aka yi su. Ba su isa wannan aiki ba.

Katin hannu fa? An ce na masu haƙar kirifto ne.

Da yawansu haka ne. Tun da kuɗin kirifton nan Ethereum ya daina amfani da katuna a Satumba 2022, aka juye su kasuwa, wasu suka iso Computer Village a Legas da Banex a Abuja da shagunan Kano, daga nan har PZ. Wannan kaɗai bai sa kati ya zama matacce ba. Abin da ya fi gajiya shi ne fanka da man da ke tsakanin ƙwaƙwalwar katin da ƙarfen sanyaya shi, kuma duka ana canza su.

Kada ka biya sai an haɗa shi a gabanka. Buɗe manhajar GPU-Z ka duba sunan ƙwaƙwalwar da adadin ƙwayoyin, domin akwai tsofaffin GTS 450 da aka sauya wa suna suka koma GTX 1050 Ti, kuma manhajar takan rubuta cewa jabu ne. Akwai kuma RX 580 mai lamba 2048SP, wanda a zahiri RX 570 ne. Sa masa aiki mai nauyi na minti ashirin, ka zuba wa zafin ido. Kasa kunne ga fanka: idan tana ƙara kamar ana jan yashi, ta kusa. Idan ɗigo-ɗigo ko layuka masu launi suka fito a allo, mayar masa da abinsa. Katin da ke yin ƙaramin kuskure a wasa ba wanda zai lura, amma a nan amsarsa za ta saɓa da ta sauran kwamfutocin da suka yi wannan kason, a yi watsi da ita.

Ka kuma duba shekarunsa. NVIDIA ta daina sabunta direba, wato manhajar da ke tafiyar da kati, ga yawancin jerin GTX 600 da 700 tun 2021, kuma a 2025 ta sanar da cewa jerin 900 da 10 ma sun zo ƙarshen layi. GTX 1060 yana aiki yau, amma ayyuka za su riƙa sakinsa ɗaya bayan ɗaya. Idan za ka sa kuɗi yanzu, fara daga jerin 16 ko 20 zuwa sama.

Giga nawa na ma'ajiyar kati nake bukata?

Giga 4 na tafiyar da ayyuka da yawa, 6 zuwa 8 ya ba ka sarari. Kada ka biya ƙarin kuɗi don 12 ko 16 saboda wannan aikin kaɗai. Abin da aka fi mantawa shi ne a bar wa katin ƙwayar furosesa guda da za ta riƙa miƙa masa aiki. Idan ka cika duka ƙwayoyin da wani lissafin, katin zai riƙa jira.

Zafin bazara da ƙurar hunturu ba za su kashe shi ba?

Za su rage masa kwana idan ka yi sakaci. A Maris da Afrilu, ɗaki mai rufin kwano a Tudun Wada ko Hanwa yakan yi zafin da mutum ma ba ya iya zama, kuma kati da iskar ɗakin yake sanyaya kansa. Yawancin katunan NVIDIA suna fara rage gudu da kansu a wajen digiri 83. Ni na fi son ganin kati a ƙasa da 75.

Maganin da ya fi kowane shi ne rage masa iyakar wuta. Da manhajar MSI Afterburner a Windows, ko umarnin nvidia-smi a Linux, ka saukar da shi zuwa kashi 70 ko 75 cikin ɗari. Aikin zai ragu, amma bai kai yadda wutar da zafin za su ragu ba. Wannan dabara ɗaya tana gyara lissafin mita, da na sola, da na fanka a lokaci guda.

Da hunturu kuwa sanyi ya zo, amma da ƙura. Ɗaga akwatin daga ƙasa, ɗora shi a kan tebur, nesa da taga. Duk bayan 'yan makonni ka kashe, ka zare waya, ka fita da shi tsakar gida ka hure da bulowa. Riƙe fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima. Za ka ga jar ƙura ta yi kamar auduga a tsakanin siraran ƙarafan. Ita ce ke toshe iskar. Laftof kuma ban yarda a sa ta wannan aiki a garin nan ba, haka wayar hannu, ko da yake BOINC tana da manhajar Android.

Data fa?

PrimeGrid kusan ba ya cin komai. Folding@home yana sauke da mayar da fayiloli masu megabait da dama a kowane aiki, kuma kati mai sauri ya fi cin data domin ya fi yawan karɓa. Einstein@Home da GPUGRID sukan sauke manya, musamman a farko. A BOINC za ka iya ƙayyade megabait nawa a kwana nawa, ka kuma sa ta riƙa hawa intanet a sa'o'in da garaɓasar datar dare ke aiki.

Ana biyan kuɗi?

A'a. Maki ake bayarwa, kuma maki ba ya sayen komai. Akwai kuɗin intanet irin Gridcoin da ake rabawa masu BOINC, amma kada ka sayi kati da wannan niyya. Abin da ke ciki shi ne ka san cewa wani ɗan yanki na binciken magani ko na taurari a ɗakinka aka lissafa shi. Ga ɗalibin kimiyya a ABU akwai ƙarin riba: kati mai CUDA zai yi masa amfani a nasa binciken da koyon ƙirƙirarriyar basira, sauran lokacin ya ba da shi gayya. Kuma katunan nan suna kai wa ga abin tarihi: lamba marar rabuwa da Luke Durant ya gano a Oktoba 2024 a ƙarƙashin GIMPS, wani aikin gayya na neman irin waɗannan lambobi, mai lambobi sama da miliyan 41, da katunan girafik aka same ta.

Zan iya sa shi a kwamfutocin ofis ko na ɗakin gwaji na makaranta?

Ba tare da izini ba, a'a. Wutar da injinan amana ce, kuma ƙa'idar BOINC da kanta ta ce a kan kwamfutarka ko wadda mai ita ya yarda kawai. Idan kana ganin sashenku zai amfana, rubuta wa shugaban sashe, ka haɗa da lissafin yunit ɗin da ke sama.

A taƙaice dai, a ba ni suna.

Mai injin ofis da ƙaramar sola: RTX 3050 mai giga 6 ko GTX 1650, da PrimeGrid ko Einstein@Home. Mai cikakken akwati da fawa saflai mai inganci ta wat 500 zuwa sama: RTX 4060, ko RX 6600 idan Einstein@Home ya nufa. RTX 3060 na hannu ma ya yi, in aka rage masa wuta. RTX 3080 zuwa sama sai mai Band A ko babbar sola, da ɗakin da iska ke ratsawa.

Bayan ka haɗa, kada ka karɓi aikin kwana goma a tashin farko. Saita BOINC ta riƙe na rabin yini kawai. Bayan kwana biyu ko uku ka shiga shafin asusunka a wurin aikin, ka duba jerin abin da ka mayar: nawa aka tabbatar, nawa ke jiran tabbatarwa, nawa aka ƙi. Idan waɗanda aka ƙi suna taruwa, fara da sabunta direba, sannan ka duba zafi, sannan ka mayar da saurin katin yadda kamfani ya saita shi idan mai shi na baya ya ƙara masa.